Kafin ka ƙwace wayar, ka duba allon

A lungunmu akwai wani gidan gem, ɗan shago ne da bai fi taku biyar ba, da benci biyu da talabijin uku, sai ɗan janareta a bakin ƙofa da ake tayarwa duk lokacin da aka ɗauke wuta. Ran wata Asabar bayan la'asar yayata ta ce in biya ta nan in taso mata ɗanta. Na tarar ana ta yi masa ihu. "Kai makaho ne? Ga naka can, ka ba wa na wani!" A gabana sau uku yana miƙa ƙwallo ga ɗan wasan da ba nasa ba. Ƙungiyarsa jar riga ce a jikinsu, abokan karawa koriya mai duhu, fili kuma kore shar. Ya ajiye hannun gem ɗin ya fito idonsa ya ciko da ƙwalla. Sai da muka kusa gida sannan ya buɗe baki.

"Kawu, wallahi idan suka yi nisa duk iri ɗaya nake ganinsu."

Sana'ata zane a kwamfuta: katin biki, kalanda, allunan talla. Da launi nake cin abinci, don haka maganar nan ta tsaya mini a rai. Washegari na kai shi asibitin ido. Aka buɗe masa wani littafi mai ɗige-ɗige kala-kala da lambobi ɓoye a ciki, ya karanta wasu, wasu kuma ya ce shi bai ga komai ba. Likita ya ce idonsa lafiya ƙalau, ja da kore ne kawai ba ya bambance su sosai, kuma gado ne da yake biyowa ta wajen uwa. Da na faɗa wa Yaya sai ta yi shiru, can ta ce, "Ka tuna marigayi Baba bai taɓa zaɓar hula da kansa ba? Kullum sai Inna ta ɗauko masa." A ƙasashen Turawa kusan namiji ɗaya cikin 12 haka yake, mata kuwa kusan ɗaya cikin 200. A Afirka adadin bai kai haka ba, amma a garin da ke da miliyoyin mutane kamar Kano, yara irin ɗan yayata ba kaɗan ba ne, kuma da yawansu da sunan sakarci ake kiran abin.

Tun daga ranar na daina kallon gem da idon da na saba. A majalisa da rediyo da bakin masallaci, muhawararmu a kan gem ba ta wuce abu biyu: ko ɓata lokaci ne, ko ɓata tarbiyya. Ban raina wannan damuwar ba, ni ma uba ne. Amma ban taɓa jin wanda ya ce a zo a dubi allon da kansa ba, a ga yadda aka tsara abin da yaron yake zuba wa ido awa biyu ko uku a rana. Ra'ayina shi ne a nan amanar take, kuma a nan ake cin ta.

Wannan tsarin shi nake kira fuskar wasa, wato duk abin da aka ɗora a kan allo don ya yi maka magana: yawan ƙwallayen da aka ci, sauran lokaci, layin da ke nuna ƙarfin da ya rage wa ɗan dambenka, 'yar taswirar da ke gefe, maɓallan da kake dannawa, da rubutun da ke faɗowa yana tambayarka e ko a'a. Ba da ka aka zuba su ba. Akwai mutanen da aikinsu ke nan, su zauna su yanke wane ne zai yi girma, wane ne zai yi ja, wane ne za a tura lungu. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma su sun san yadda ido yake auna abu fiye da yadda mu masu idon muka sani.

Ka ɗauki hannun PlayStation da ke kowane gidan gem a garin nan. Lokacin da Sony ta fito da na'urar a Japan a 1994, wanda ya zana ta, Teiyu Goto, bai sa haruffa a maɓallan dama ba. Siffofi huɗu ya sa: alwatika, da'ira, gicciye da murabba'i, kowanne kuma da launinsa, kore da ja da shuɗi da ruwan hoda. Wanda bai iya Japananci ba ya gane, wanda bai iya Turanci ba ya gane, wanda bai shiga aji ko sau ɗaya ba ya gane, kuma ɗan yayata da ba ya raba ja da kore bai taɓa rikita da'ira da alwatika ba, domin siffar ta ɗauke masa nauyin da launi ya kasa. A hannun PS5 ma an cire launukan gaba ɗaya, siffofin suka ci gaba da aikinsu. Ƙa'idar ke nan: kada ka ɗora saƙo a kan launi shi kaɗai, ka haɗa masa da siffa ko alama ko bambancin haske da duhu. Da wanda ya tsara wasan ƙwallon nan ya hana a haɗa riguna biyu masu duhu ɗaya, ko ya sa alama bayyananna a kan kowane ɗan wasanka, da ba a kira yaron nan makaho a gaban sa'o'insa ba.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya taɓa buɗe tsofaffin littattafan malamanmu na rubutun hannu ya ga yadda ake rubuta haruffa da baƙar tawada, a zo a yi wasali da ja. Har yau a darasin Hausa "baƙi" da "wasali" muke cewa. Marubucin ya raba wa ido aiki: ga gangar jikin kalma, ga abin da ke yi maka jagora wajen furta ta. Kuma ko tawadar ta koɗe, wasalin sama yana sama, na ƙasa yana ƙasa, mazauninsa ya isa ya gaya maka ko wane ne.

Abu na biyu kullum ina fama da shi a shago. Mutum zai kawo katin ɗaurin aure ya ce a ƙara wa sunan ango girma, a ƙara wa na amarya, a ƙara wa sunayen iyaye, a sa adireshi da ja, a sa lambobin waya da ruwan gwal. Sai in ce masa, "Alhaji, idan kowa ya ɗaga murya a ɗaki ɗaya, wa za a ji?" Wanda aka miƙa wa kati rana da wuri da lokaci yake nema. Haka allon gem yake, sai ma abin da ya fi, domin mai wasa ba shi da lokacin karatu, ƙiftawar ido ɗaya gare shi. Shi ya sa wasannin faɗa irin su Mortal Kombat suka ajiye layin rai a can sama, dogo, ɗaya hagu ɗaya dama, kana gani da wutsiyar ido ba tare da ka ɗauke kai daga abokin faɗa ba. Masu wasan Dead Space na 2008 sun ma ƙi ɗora layin a gefen allo, suka maƙala shi a gadon bayan rigar jarumin, inda idonka yake dama. Mu da muka taso da Snake a Nokia 3310 mun san allo mai launi ɗaya, da maciji da abincinsa da lambar maki, ba wanda ya taɓa tambayar yadda ake yi.

Wanda ya fi burge ni shi ne farkon Super Mario Bros. na 1985, wanda da yawanmu muka buga a gem na kaset. Shigeru Miyamoto da abokan aikinsa a Nintendo sun ajiye Mario a gefen hagu yana fuskantar dama, gabansa fili fetal. Ba rubutun da ya ce ka tafi dama, filin ne ya kira ka. Ka ɗan taka sai ga wata 'yar halitta tana nufo ka, dole ka koyi tsalle. A sama ga akwati mai alamar tambaya yana ƙyalli, dole zuciyarka ta ce ka taɓa shi. Kafin minti ɗaya an koya maka wasan duka ba a ce maka uffan ba. Yaron Fagge da yaron Tokyo darasi ɗaya suka ɗauka. Ka kwatanta wannan da yawancin wasannin waya na yau, inda kafin ka ga filin wasa sai ka ratsa tagogi biyar, kowace kusurwa da jan ɗigo yana kiran ka, tsabar zinare nan, lu'ulu'u can, agogo yana ƙirga sauran mintunan garaɓasa. Kantin Kwari ranar jajiberin salla ya fi wasu allunan nan tsari, don a Kwari aƙalla kowane layi ka san abin da ake sayarwa a cikinsa.

Sai kuma batun wanda aka yi wa ɗinkin. A 2006 kamfanin Capcom ya fitar da Dead Rising a Xbox 360, masu tsohuwar talabijin mai tozo suka yi ta ƙorafi cewa rubutun ya yi ƙanƙanta ba ya karantuwa, domin da sabuwar talabijin mai kaifin hoto aka auna shi. Abin da ya sami waɗancan sau ɗaya, mu kullum shi ke samunmu. Mai zanen yana zaune a ofis mai sanyi da babban allo da intanet mai gudu. Yaronmu kuma wayar hannu ce ta biyu ko ta uku da aka sayo a kasuwar waya ta Farm Centre, gilashinta da tsaga, an rage haskenta don caji ya kai dare, yana zaune a ƙofar gida cikin ranar Afrilu. Rubutu ruwan toka a kan fari, siriri kamar zare, ba ya ganinsa sam. Tun 1954 wani masani ɗan Amurka, Paul Fitts, ya nuna cewa gwargwadon ƙanƙantar abu da nisansa, gwargwadon lokacin da hannu zai ɗauka kafin ya same shi. Google da kanta tana ba masu yin manhajar Android shawarar kada abin dannawa ya gaza kusan milimita 9. Amma ka leƙa allon mai buga Free Fire ko PUBG a ƙaramar waya ka ga maɓallai sun haura goma a ƙarƙashin manyan yatsu biyu. Abin yabo a wasannin nan shi ne sun bar mutum ya matsar da maɓallan ya ƙara musu girma yadda ya dace da hannunsa, kuma yaranmu sun ƙware a wannan, har koya wa juna suke yi. Ko a gidan gem, wanda ya saba da wasan ƙwallo na PES ya koma na FIFA ya san zafin abin: a ɗaya murabba'i ne bugun raga, a ɗayan da'ira ce, shi ya sa kafin a take wasa za ka ji ana cewa a tsaya a gyara hannu.

Harshe kuwa ba a ma maganarsa. Ka rubuta sunanka da ƙ ko ɗ ko ɓ a wasanni da yawa, sai ka ga ɗan akwati fanko a madadin harafin, domin wanda ya zaɓi salon rubutun bai san da mu ba.

Duk waɗannan gazawa ce, ana iya yi musu uzuri. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wanda ba gazawa ba ne, ƙwarewa ce aka juya ta a kan yaro.

Wata maƙwabciyarmu mai sayar da abinci ta kawo mini wayarta a ruɗe, an cire mata kuɗi daga asusu har sau huɗu a yini ɗaya, ita kuma ba ta sayi komai ba. Da muka bincika, ƙaramin ɗanta ne ɗan shekara bakwai yake buga wani wasan tsere, katinta kuma yana haɗe da wayar tun wata sayayya da aka taɓa yi mata. Na ce ya buga a gabana. Motarsa ta yi karo, wasa ya tsaya, sai taga ta faɗo. A tsakiya ga ƙaton maɓalli kore yana kumbura yana sacewa kamar mai numfashi, daidai inda babban yatsansa yake tun yana tuƙi. Hanyar cewa a'a kuwa wani ɗan gicciye ne ruwan toka a can ƙuryar sama, bai kai ƙwayar gero biyu ba, kuma sai an jira 'yan daƙiƙu yake bayyana. Farashin ba da naira aka rubuta shi ba, da lu'ulu'u ne. Na tambaye shi me ya sa yake danna koren. Ya ce, "Baba, ai shi ne na ci gaba." Uwar ta ɗaga hannu za ta kai masa mari, na ce, "Maman yara, ki yi haƙuri. Ba sata ya yi ba. An koya masa kore shi ne hanya, sannan aka haƙa rami a kan hanyar."

Duk ƙa'idojin da na yaba a sama su ne nan aka yi amfani da su, ba ko ɗaya da aka manta. An san babban abu ido yake fara gani, an san abin da ke motsi yana jan hankali, an san inda yatsa yake hutawa, an san ƙaramin abu mai nisa wuyar samu gare shi. A kasuwar hatsi idan mutum ya buga gindin mudunsa ya shige ciki, ba ma cewa ya iya kasuwanci, cewa muke ya tauye mudu, kuma mun san abin da addini ya ce a kan masu yin haka. Ban ga bambanci ba don mudun ya koma gilashi.

Kada a ce zargi ne irin na wanda bai waye ba. A Disambar 2022 hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta sa kamfanin Epic Games mai wasan Fortnite ya amince zai biya dala miliyan 520. Daga ciki miliyan 245 na mayar wa mutane kuɗinsu ne, saboda hukumar ta ce an tsara maɓallan ta yadda danna ɗaya tak cikin kuskure ya isa a cire maka kuɗi, har a lokacin da wasa yake lodi ko kana ƙoƙarin duba kaya kawai. A 2018 kuma Beljiyam ta yanke cewa akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi a cikin wasanni, waɗanda ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya, caca ce, har kamfanin EA ya daina sayar da makin FIFA, waɗanda da su ake sayen akwatunan, a ƙasar a farkon 2019. Ka lura da yadda ake buɗe irin akwatin nan: allo ya yi duhu, haske ya tsarge, a ja maka rai kafin a nuna abin da ka samu. Yaron da ya saba da wannan bugun zuciyar tun yana ɗan shekara goma, ranar da tallan cacar ƙwallo ya faɗo masa a waya, ba baƙon abu zai gani ba. Wannan ne ke hana ni barci, mu da muke ganin yadda cacar ƙwallo ta waya take cin samarinmu.

Na san abin da za a ce. Wasu za su ce kamfani ba sadaka ya buɗe ba, wasan kyauta dole ya nemi inda zai ci. Gaskiya ne, ni ma ba kyauta nake buga kati ba. Amma akwai bambanci tsakanin mai shagon da ya kafa farashi ɓaro-ɓaro ka saya ko ka wuce, da wanda ya sa hannu a aljihun ɗanka yana yi masa wasa. A rubuta farashi da kuɗin da mutum ya sani, a yi wa e da a'a girma ɗaya, a tambaya sau biyu kafin a cire ko kwabo. Ba abin da wannan zai rage wa mai neman halak.

Wasu kuma, kuma su ne suka fi yawa a cikin dattawanmu, za su ce duk wannan dogon Turanci ne, a hana gem ɗin kawai a huta. Ina girmama mai wannan ra'ayi, kuma gidan da ya iya hanawa ya hana. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya: ka ƙwace a gida, ya je ya buga a wayar abokinsa ko a shagon bayan layi, inda ba idonka. Uban da ya zauna minti goma kusa da ɗansa ya ce, "Nuna mini yadda ake yi," zai gane da kansa wane wasa ne yake girmama yaron, wane ne yake farautarsa. Ba sai ya iya Turanci ba. Ya duba kawai: idan aka faɗi, me ke fitowa? Maɓallin fita a ina yake, kuma yaya girmansa? Sau nawa talla ke katse wasa, tallan mene ne? Sannan ya cire katin banki daga wayar, ko ya sa a nemi lambar sirri kafin kowace sayayya, abin da Android da iPhone duk suna da shi a saitinsu.

Ina kuma da magana da ƙannenmu da ke koyon haɗa manhaja a jami'o'i da cibiyoyin kwamfuta na garin nan, don na ga wasu sun fara gwada yin wasan dara da langa da tseren adaidaita sahu, abin yana faranta mini rai. Kada ku kwafo fuskar wasannin waje da duk tarkacenta don a ce kun iya. Ku fita da wayar tsakar rana ku ga ko rubutunku yana karantuwa. Ku mayar da allon fari da baƙi ku ga ko har yanzu ana raba naka da na abokin gaba. Ku miƙa wa ƙanwarku da ba ta jin Turanci, ku yi shiru, ku kalli inda yatsanta zai tsaya yana shawagi, nan ne kuka yi kuskure. Ku zaɓi salon rubutun da ya san ƙ da ɗ da ɓ. Manyan kamfanoni sun fara gane haka: The Last of Us Part II na 2020 ya zo da saituna sama da 60 don masu raunin gani da ji da motsin hannu, har da wanda ke mayar da duniyar wasan ruwan toka ya bar naka da launi ɗaya, maƙiyi da wani. Ku ba ku da kuɗinsu, amma kun fi su sanin hannun da zai riƙe wayar.

Makon da ya wuce na sake bi ta gidan gem ɗin. Na ja mai shagon gefe na yi masa bayanin idon yaron, ya riƙe baki ya ce shekara nawa yana sana'ar nan bai taɓa jin haka ba, kuma akwai wani yaron ma da yake zargin irin matsalar ce da shi. Da layi ya zo kan ɗan yayata, kafin a take sai mai shagon ya ce a dakata. Ya karɓi hannun ya shiga wurin zaɓen riguna, ya ba ƙungiya ɗaya farare, ɗaya baƙaƙe, ya miƙa masa. Na tsaya a bakin ƙofa kusa da janareta ina kallo har aka tafi hutun rabin lokaci, bai ba wa na wani ƙwallo ko sau ɗaya ba.